Yadda za ki tsara rigar sanyi mai huji-huji daidai jikinki

Tambaya: Assalamu alaikum. Na daɗe ina saƙa huluna da kayan jarirai da kibiya. Yanzu ina so in saƙa wa kaina rigar sanyi mai buɗaɗɗen gaba, irin mai huji-huji kamar leshi, in riƙa ɗorawa kan atamfa lokacin hunturu. Ƙirjina santimita 104, ƙuguna 114, kuma duk tsarin da na samu, in bai matse ni a ƙasa ba to sai ya yi mini yawa a kafaɗa. Yaya zan tsara tawa?

Amsa: Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa. Tunda hannunki ya saba da kibiya, saƙar kanta ba za ta ba ki wahala ba. Lissafi ne aikin, kuma lissafin saƙa mai huji ya sha bamban da na saƙar da kika saba. A saƙa marar ado, in kina son ƙarin santimita ɗaya sai ki ƙara ido biyu, wato madaukan zaren da ke kan kibiya, ki wuce abinki. A mai huji kuwa adon gida-gida yake tafiya, kowane gida da adadin idonsa, kuma ba a raba shi biyu a zauna lafiya. Don haka adon za ki bari yadda yake, ki nema wa jikinki wuri a gefensa, inda saƙar ba ta da ado. Duk abin da zan faɗa a ƙasa a kan wannan ya tsaya.

Mu fara da zare, domin shi ke yanke rabin hukuncin. Yawancin abin da muke saye a kasuwa muna kira ulu, zaren roba ne na akirilik, ba gashin tumaki ba. In kina shakka, yanki ɗan guntu ki kusantar da shi ga ashana. Ulu na gaskiya yana warin ƙonannen gashi, tokarsa tana murmushewa a yatsa. Auduga tana warin ƙonanniyar takarda. Akirilik narkewa yake yi ya dunƙule ya yi tauri. Abin da ya sa wannan ke da muhimmanci shi ne, saƙa mai huji in ta sauko daga kibiya a cukurkuɗe take, ba a ganin adon sai an jiƙa ta an shimfiɗa an ja ta. Matan tsibiran Shetland da ke arewacin Sikotland, waɗanda suka yi suna da gyale mai laushin da ake zura shi ta cikin zobe, da ulu suke yi, domin ulu in an ja shi yana jiƙe ya bushe a haka, a haka zai zauna. Akirilik ruwa ba ya sa shi ya zauna, sai tururi. Auduga tana buɗe ado da kyau, amma tana da nauyi, kuma in ta miƙe ba ta komawa.

Ga sanyinmu na Disamba da Janairu, wanda da safe yake cizo amma kafin azahar an tuɓe rigar, ni na fi son zaren da aka gauraya auduga da akirilik, mai matsakaicin kauri, irin wanda giram 100 ke ba da tsawon mita 200 zuwa 250, a kibiya mai milimita 4. In a Jos kike, ko wani wuri mai sanyi irin nata, ulu ya fi. Ki zaɓi launi ɗaya mai haske, zare mai santsi. Zare mai launi barkatai yana cinye adon, baƙi yana gajiyar da ido, mai gashi-gashi kuma in kika yi kuskure warware shi azaba ce.

Sai ado. Ƙa'idarsa ɗaya ce: kowane huji naɗin zare ne a kan kibiya, naɗin nan ya ƙara ido ɗaya, don haka dole a wani wuri a haɗa ido biyu su zama ɗaya don adadin ya koma daidai. Naɗi biyu, ragi biyu. In kin riƙe wannan, kina iya duban kowane ado ki gane yadda aka gina shi.

Ba kowane ado ne ya dace da riga ba. Akwai sanannen nan mai kama da igiyar ruwa, wanda gidansa ido 18 ne a layi huɗu. Yana da kyau kuma ba wuya, amma gida ɗaya zai kai kusan santimita 9, ke nan in rigar ta yi miki kaɗan, ƙarin da za ki iya yi shi ne santimita 9 ko 18, babu tsakani. Akwai kuma adon da duk raginsa gefe ɗaya yake karkata, wannan yakan sa rigar ta murɗe, gaban ya riƙa gudu zuwa gefe. Ina ba ki shawarar kofaton doki, shi ma tsohon adon Shetland ne. Gidansa ido 10 ne, a ƙara ido 1 na daidaito, a layi 8. Duk layin baya, wato 2 da 4 da 6 da 8, saƙar baya ce zalla, hannu ya huta. Na gaba kuwa, kowanne za ki fara shi da ido 1 saƙar gaba, sannan ki yi ta maimaita wannan har ƙarshe:

Layi na 1: naɗi, gaba 3, haɗa uku, gaba 3, naɗi, gaba 1.
Layi na 3: gaba 1, naɗi, gaba 2, haɗa uku, gaba 2, naɗi, gaba 2.
Layi na 5: gaba 2, naɗi, gaba 1, haɗa uku, gaba 1, naɗi, gaba 3.
Layi na 7: gaba 3, naɗi, haɗa uku, naɗi, gaba 4.

Haɗa uku ɗin nan shi ne ki zame ido ɗaya ba tare da kin saƙa ba, ki haɗa biyun da ke biye ki saƙa su tare, sannan ki tsallakar da wanda kika zame ta kansu. Ido biyu sun tafi, naɗi biyu sun maye gurbinsu. Ki lura haɗa ukun kullum a wuri ɗaya yake, yana hawa kan na ƙasansa kamar ƙashin baya, hujojin ne ke matsowa kusa da shi layi bayan layi. In kika ga ya kauce daga kan ɗan'uwansa, kin yi kuskure a layin da kike kai, ba sai kin ƙirga ba.

Yanzu gwaji, kuma don Allah kada ki tsallake shi. Na san zumuɗin fara riga, amma duk lissafin da zai biyo baya daga wannan ɗan ƙyallen zai fito. Ki ɗora ido 31, wato gida uku da ido ɗaya, ki ƙara uku-uku a gefe don kada bakin ya naɗe, ki saƙa layi 40. Ki auna ki rubuta. Sannan ki jiƙa shi kamar minti 20, ki naɗe shi a tawul ki matse, ban da murɗawa, ki shimfiɗa ki ja shi har hujojin su buɗe, ki kafe da fil. In zaren akwai akirilik a ciki, ki ba shi tururin dutsen guga daga sama, kada ƙarfen ya taɓa shi, domin in akirilik ya sha zafi da yawa yakan saki ya yi laƙwas, kuma ba ya dawowa. Bayan ya bushe ki cire fil, ki bar shi ya kwana, ki rataye shi da 'yan maƙalan shanya uku ko huɗu a ƙasansa na yini guda. Wannan ratayar ita za ta nuna miki yadda nauyin riga zai ja saƙar ƙasa. Awon da kika samu bayan duk wannan shi ne na gaskiya. Wanda kika rubuta tun farko amfaninsa shi ne ki san yadda saƙar za ta kasance a kan kibiya, don kada hankalinki ya tashi in kika ga rigar kamar ta yi kaɗan.

A ce gwajinki ya nuna gida ɗaya faɗinsa santimita 5, tsayinsa santimita 3. Ke nan ido 2 a kowace santimita. Naki zai iya bambanta, sai ki sa lambobinki a madadin nawa, hanyar ɗaya ce.

Riga ce da za a ɗora kan wata riga, don haka tana son sarari. A ƙirji ki ƙara santimita 8, ya zama 112. A ƙugu ki ƙara 6, ya zama 120. Kuma ki yi awon kina sanye da irin kayan da za ki sa a ƙarƙashinta. Bakin maɓalli faɗinsa santimita 3 ne a kowane gefe, amma tunda ɗaya na hawa kan ɗaya, sau ɗaya ake cire shi. Saura 109 a ƙirji, 117 a ƙugu.

Santimita 109 in an raba da 5, gida 21 ne da ɗan saura. Ki ba baya gida 11, kowane gaba gida 5. Kowane ɓangare da idonsa ɗaya na daidaito: baya ido 111, gaba 51 da 51, jimla 213, wato santimita 106 da rabi. Abin da ya rage a nan ne za ki cika shi da saƙar gaba marar ado, a gefen riga daidai ƙarƙashin hammata, inda hannu ke rufewa. A ƙirji ido 3 a kowane gefe ya isa. A ƙugu kina buƙatar ƙarin santimita 8, wato ido 16, takwas a kowane gefe, don haka a ƙasa wannan fili zai fara da ido 11. Jimlar abin da za ki ɗora: 213 da 22, da ido ɗaya-ɗaya a bakin gaba inda za ki tsinci bakin maɓalli daga baya, 237 ke nan. Wannan adadi ba zai zauna a miƙaƙƙiyar kibiya ba, sai ki nemi mai igiya, ta santimita 80 ko 100, ki riƙa saƙa kina juyawa kamar yadda kika saba.

Wannan fili na gefe shi ne maganin matsalar da kika kawo. Tsarin da kike samu yana ɗauka faɗin ƙasa da na sama ɗaya ne, shi ya sa in kin zaɓi wanda ya ishe ki a ƙugu sai kafaɗa ta zube. Ke kuwa za ki rage ido biyu a kowane fili, ɗaya a farkonsa ɗaya a ƙarshensa, duk bayan layi 16, wato duk bayan gida biyu a tsaye. Sau huɗu za ki yi, 11 ta koma 3, adon kuma ko ido ɗaya ba ki taɓa masa ba. Wadda ƙirjinta ya fi ƙugunta sai ta juya lissafin, ta fara da kaɗan tana ƙarawa. Mai son riga ta buɗe sosai a ƙasa ta fara da 15 ko 19.

Ki ɗora idon farko sakwa-sakwa, ko da kibiyar da ta fi taki girma, domin kofaton doki yana sa bakin riga ya yi lanƙwasa mai kyau, in bakin ya ɗaure kuwa lanƙwasar ba za ta fito ba. Layi huɗu na saƙar gaba zalla sun isa baki. Daga ƙasa zuwa hammata gida 13 a tsaye, santimita 39. Da hammatar, tsawon rigar zai kai 60. In kina son ta sauka ta rufe miki mazaunai, ki ƙara gida biyu ko uku a ƙasa kafin ki fara ragi, kada ki ƙara a sama.

A hammata ne mutane da yawa ke sarewa, saboda suna son su yi irin yankan tela mai lanƙwasa a cikin ado. A rigarki ta farko ki bar wannan. Ki rufe gida ɗaya cur daga gaba, da ido ukun fili, da gida ɗaya cur daga baya, ido 23 a kowane gefe, lokaci guda. Baya ya koma ido 91, gida tara, faɗin santimita 45 da ɗoriya, kafaɗar za ta ɗan sauko kaɗan yadda ya dace da rigar sanyi, ba za ta zubo har damtse ba. Kowane gaba ya koma 41, ban da ido ɗayan nan na bakin gaba. Daga nan kowane ɓangare shi kaɗai za ki saƙa, gida 7 a tsaye, santimita 21. In damtsenki ya wuce santimita 36, ki mai da shi gida 8.

Wuya kaɗai ne inda dole ragi ya shiga cikin ado. Don wuya mai tsini, za ki rage ido 10 a kowane gaba, ɗaya duk bayan layi huɗu, tun daga inda kika raba hammata, har 41 ta koma 31. Wato gida ɗaya na bakin gaba zai riƙa cinyewa a hankali. A nan ki tuna ƙa'idar farko. Kafin ki yi naɗi, ki duba ko raginsa yana nan. In ragin wuya ya cinye naɗi ɗaya daga cikin biyun gidan, to haɗa uku ya koma haɗa biyu. In babu wurin naɗi da raginsa gaba ɗaya, ki saƙa idon da suka rage gaba zalla. Hanya mafi sauƙi, wadda ba ta da aibi ko kaɗan, ita ce ki sa alama bayan gidan farko, ki mai da shi marar ado tun daga layin farko na ragi. Wadda take son adon ya bi wuya har ƙarshe, ta ɗauki littafin lissafi na 'yan makaranta mai murabba'i, ta zana gidan, ta ja layin wuya a kansa da fensir, ta soke duk naɗin da ya rasa abokin raginsa. Aikin rabin awa ne, kuma ya fi warware saƙar kwana biyu.

A baya, ki rufe ido 29 na tsakiya don wuya, 31 su rage a kowace kafaɗa, daidai da na gaba. Gida uku za su haɗu da gida uku, ƙashin bayan kowane kofato ya fuskanci ɗan'uwansa a kan kafaɗa. Wannan ɗan abu ne, amma shi ke bambanta rigar da aka tsara da wadda aka yi da ka. Ɗinkin kafaɗa ki yi shi da ƙarfi, domin duk nauyin rigar a kansa yake rataye. In audugar zarenki ta yi yawa, ki bi bayan ɗinkin da kwarashi, daga kafaɗa ta bayan wuya zuwa ɗaya kafaɗar, don kada ya miƙe.

Hannu ni nakan bar shi marar ado, da gida ɗaya tal yana gangarowa ta tsakiya, domin ragin hannu yana da yawa kuma a ƙarƙashi ake yin sa. Sai dai saƙa marar ado ta fi mai huji tsukewa, don haka ita ma ki yi mata ɗan gwajinta. In ta ba ki ido 22 a santimita 10, saman hannu mai faɗin 42 zai ci ido 92 ko 93. Ki tsince su a miƙaƙƙen gefen hammata, ki saƙa santimita 6 ba ragi, wannan shi za ki ɗinke da idon nan 23 da kika rufe. Daga nan ki riƙa rage biyu duk bayan layi biyar ko shida har ki kai faɗin da kike so a tsintsiyar hannu. Da yake daga sama kike gangarowa, kina iya sakawa ki gwada. Mai yawan shiga kicin ko alwala da rigar a jiki za ta ji daɗin hannu mai tsayawa ƙasan gwiwar hannu kaɗan.

Kafin ki yi bakin maɓalli, ki jiƙa rigar ki shimfiɗa ta bisa awon da kika tsara, da tef a hannu. In kika yi bakin tun saƙar na cukurkuɗe, zai zo gajere ya tattare gaban. Ki tsinci ido uku a kowane layi huɗu, da kibiya mai milimita 3.5, daga ƙasan dama, ta bayan wuya, zuwa ƙasan hagu. Ramin maɓalli naɗi ɗaya ne da haɗa biyu. Ki sa ɗaya daidai inda ƙirji ya fi cika, sauran ki jera su daga nan, in ba haka ba rigar za ta riƙa hangamewa a wurin. Maɓallan su zama marasa nauyi.

Yawan zare kuma gwajin nan ne zai gaya miki. Ki ɗora shi a ƙaramin sikeli. In ƙyalle mai santimita 15 a 15 ya yi giram 10, jiki da hannuwan rigarki sun kai irinsa 43 ko kusa da haka, giram 430, da bakin maɓalli da abin ko-ta-kwana ki sayi 500. Ki saye shi lokaci ɗaya, ki duba lambar rini a jikin takardar kowane dunƙule ta zama ɗaya, domin zare mai suna ɗaya da launi ɗaya yakan bambanta daga rini zuwa rini, kuma sai an fita rana bambancin ke bayyana.

Layi mai ido 237 ba a wasa da shi. Ki sa ɗan zoben zare mai wani launi tsakanin kowane gida, in kin zo zobe ki tabbata goma ne a bayanki. Mafi yawan kuskure naɗi ne aka manta, kuma in kin gano shi a layin baya, sai ki ɗago zaren da ke tsakanin ido biyun ki saƙa shi, huji ya fito. Duk bayan gida biyu a tsaye, ki zura siririn zare mai santsi da allura ta cikin duk idon da ke kan igiya, ban da zobban, ki bar shi a nan. Ran da abu ya rikice, sai ki zare kibiya ki warware har zuwa wannan zaren, idonki duka suna nan a riƙe. Da hunturu kuma fatar yatsa takan yi kaushi ta riƙa kama zare, ki shafa man kaɗe ki bari ya shige kafin ki ɗauki aikin, ki kuma riƙa ajiye shi a jaka saboda ƙura.

In kin gama, wanki da hannu a ruwa mai sanyi, shanya a kwance kan tawul a inuwa, kina daidaita ta da tafin hannu zuwa awonta. Kada ki rataye ta a igiya tana jiƙe, kada kuma ki ajiye ta a hanga, ninke ta za ki yi. Takardar lissafinki da ƙyallen gwajin ki haɗa su wuri ɗaya ki adana, domin in za ki saƙa wa wata, adadin gida da faɗin filin gefe kawai za ki canza. Allah ya ba da sa'a.